Ƙunshin da Na Kai Ɗakin Liman

Wake nake sayarwa a Anacha. Na zo garin da riga biyu, na fara da dako a babbar kasuwa ta bakin kogi, yau kuma mota guda nake saukewa daga Arewa kusan kowane mako. In na danna buhu da gwiwa na san ko ƙwari sun shiga. In mutum ya buɗe baki zai yi ciniki, na san inda zai tsaya kafin shi ya sani. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya yi mini uzurin rashin wayo. Abin da zan ba da labarinsa da wayona na yi shi, ina da shekara arba'in da tara, da mata da 'ya'ya huɗu.

A unguwarmu ta Hausawa akwai benci uku a ƙofar masallaci. Bayan la'asar nan muke zama, 'yan kasuwa da mahauta da masu canji, a tattauna farashi da labarin gida. A kan bencin nan aka yi gardamar bindiga, kusan wata guda ana yinta.

Wani abokina mai canji ne ya tayar da ita. Ranar wata Lahadi da hantsi, lokacin da maƙwabtansa duk sun tafi coci, mutum huɗu suka shiga gidansa suka ɗaure matarsa da 'ya'yansa da igiyar shanya, shi kuma suka kwantar da shi a ƙasa. Ba su taɓa lafiyar kowa ba, amma mutumin bai sake zama daidai ba. Kullum ya zo benci maganarsa ɗaya.

"Wallahi da akwai ko ta harbin tsuntsu ce a ɗakina, da ba a ɗaure mini iyali ina kallo ba."

Na ce, "Da akwai, da yanzu gumbar sadakarka muke ci. Su huɗu, kai ɗaya. Kuma kai da ko ragon layyarka sai ka kira mahauci."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Kai Alhaji ai wake kake gadi. Wa zai saɓa buhu ya yi gudu da shi? Ni abin da ke hannuna aljihu ɗaya ya ishe shi. Ka bari ranar da aka sa wa 'yarka ƙarfe a kunne, sai ka zo ka yi mana wa'azi."

Masu goyon bayansa suna da yawa, kuma ba maganar banza suke yi ba. Suka ce kafin taimako ya iso an gama abin da za a yi. Suka ce ɓarawo yana zaɓen gida ne, in ya ji ƙishin-ƙishin akwai wuta a ciki sai ya wuce na gaba. Wani ya ce a nemi lasisi a yi abu bisa doka, wani ya ce kafin takardar ta fito an yi arba'in ɗinka.

Ni hujjata ɗaya ce, kuma har yau ina ganin daidai ce. Na ce musu mu baƙi ne. Ɗan gari in aka kama shi da bindiga, shi kaɗai aka kama. Bahaushe in aka kama shi da ita a nan, unguwa duka aka kama, har mai sayar da goro da bai san komai ba. Shekara nawa ana yaɗa cewa makamai muke ɓoyewa a masallaci? Ni ne nake zuwa taron unguwa da 'yan gari, don ni nake jin Turancin buroka da harshen Ibo, kuma ni na sha miƙewa a gabansu ina rantsuwa cewa ban da tabarma da buta babu komai a masallacinmu.

Limaminmu yana zaune a bakin ƙofa yana saurare. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, ya fi shekara talatin a garin amma burokarsa ba ta wuce gaisuwa da sayen kifi ba. Da aka matsa masa ya yi magana, sai ya ce shi bai taɓa riƙe bindiga ba, ba zai yi hukunci a kan abin da bai san nauyinsa ba. Ya ƙara da cewa maganar Alhaji mai wake abar dubawa ce. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Na koma gida ina jin na ci gardama.

Bayan kamar wata biyu, ina rumfa ana auna wake, maiɗakina ta kira ni da wayar maƙwabta, muryarta ba yadda na san ta ba. Mutum biyu ne suka zo a okada, wato babur ɗin haya, da tsakar rana, suka ce saƙo suka kawo mini. Da ta buɗe, ɗaya ya ɗora ƙaramar bindiga a kan teburin da yara suke cin abinci, ya zauna kamar baƙo. Suka karɓi 'yan kunnenta da waya da abin da suka samu a durowa. Autarmu, 'yar shekara shida, tana tsaye a wurin da kofi a hannu. Kwana uku yarinyar nan ba ta yi magana ba. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta shige ƙarƙashin gado.

Duk hujjata ta bencin masallaci ta tashi a banza a cikin kwana ukun nan. Ban gaya wa kowa ba, na nemi wanda ya san wanda ya sani, na sayi bindiga ƙirar maƙera, gajera, mai baki ɗaya. Lasisi ko tambayar hanyarsa ban yi ba. Kuma da yamma na ci gaba da zuwa benci. Da mai canji ya ce, "To Alhaji, yanzu fa?" sai na gyara zama na ce ra'ayina yana nan inda yake. Mutane suka yi ta yaba mini, wai ga mutumin da abu ya taɓa shi amma bai sauya ba.

Kwana tara ta yi a gidana, a saman kwabar tufafi, cikin kwalin takalmi. Ranar ta goma maiɗakina ta hau kujera za ta share yana, ta sauko da kwalin ta ajiye mini a gaba ina karin kumallo.

"Alhaji, wannan takalmin na wace ƙafa ne?"

Na ce don su na saya.

"Don mu? Kai kana waje tun safe har magariba. Ranar da suka zo kana ina? Ni zan harba? Ko so kake in ce musu su dakata in hau kujera?"

Na ce aƙalla mutum ya san yana da abin kare kansa.

"Yaran nan babu inda hannunsu bai kai ba a gidan nan. Maganin ɓera na ɓoye a bayan buhun gawayi, sai da suka tono shi. Waɗancan sun zo sun tafi, 'ya'yana huɗu suna nan. Wannan in ta tashi, ban san nawa za su rage ba. Ka fitar da ita yau."

Na san ta yi gaskiya. Hanya mai kyau a buɗe take, ga kogi nan kusa, mai faɗi da zurfi. Amma ni ɗan kasuwa ne, hannuna ba ya son jefar da abin da ya saya. Na ce a raina bari in ajiye ta wani wuri kusa, ko za a buƙace ta.

A nan sai na yi bayanin ɗakin ajiya. Yawancin mutanenmu a Anacha 'yan ci-rani ne, masu dako da tura baro da gyaran takalmi, su shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, wasu ma a rumfa suke kwana. In damina ta zo za su tafi gida noma, ba su da inda za su bar kayansu. Sai su kai wa Liman. Akwai wani ɗaki a jikin masallaci, shi kaɗai ke riƙe da makullin. Ƙa'idarsa tun kafin in zo garin: ba ya buɗewa, ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya rubuta suna. Da ido yake gane kayan kowa. Mutum zai yi shekara biyu ya dawo, Liman ya shiga ya ɗauko masa jakarsa ba tare da ya yi kuskure ba. Ya ce in ya fara tambaya, talaka zai ji kunyar kawo tsummansa. Ba a taɓa jin allura ta ɓata a ɗakin nan ba.

Na naɗe bindigar a wani tsohon zanen maiɗakina, na sa a tsakiyar tsofaffin riguna cikin jakar leda mai zif, na ɗinke bakin da basilla kamar yadda muke ɗinke buhu. Bayan azahar na kai masa.

"Allah gafarta Malam, 'yar ajiya ce."

"Alhaji da kansa? Kai da kake da gida da sito?" Ya yi murmushi, ya karɓa da hannu biyu. "To, Allah ya sada ka da ita lafiya."

Haka yake ce wa kowa. Ya kai ta kusa da taga ya ajiye, ya kulle. Na tafi ina jin na yi dabara: ba ta gidana, ba ta kuma fita daga hannuna ba. Ban tsaya na tambayi kaina amfanin bindigar da ke ɗinke a jaka, a ɗakin da makullinsa ke aljihun wani ba. Ban kuma tambayi kaina abin da na ɗora wa tsohon ba. Wata biyar tana can. Gaskiya har na fara mantawa da ita.

Wata Talata da safe aka aiko mini a kasuwa in zo maza, jami'an tsaro sun zo masallaci, ana neman mai fassara. An yi fashi a wani layi kusa da mu, aka harbi mutum, tsohuwar jita-jitar nan ta sake tashi. Na tarar da motoci biyu, mutane cike da titi, namu a gefe guda, 'yan gari a gefe guda. Babban jami'in mutum ne mai natsuwa, ya cire takalmi kafin ya shiga. Ya ce an kawo musu rahoto, aikinsu ne su duba.

Na fassara wa Liman. Ko gezau bai yi ba.

"Ka ce musu bismilla. Yau dai a huta da wannan magana. Ka ce su kira shugaban unguwa na 'yan gari ma ya shigo ya gani da idonsa."

Suka duba masallaci, babu komai. Suka nuna ƙofar ɗakin ajiya. Liman ya ce kayan mutane ne, bai taɓa buɗewa ba, amma tunda hukuma ce, kuma don a wanke sunan jama'a, a buɗe a gabansa a mayar yadda aka samu. Da hannunsa ya sa makulli.

A lokacin ne na tuna. Ina da lokaci, wannan shi ne abin da ba zan iya ɓoyewa ba. Jakunkuna sun fi arba'in, tawa tana can ƙarshe kusa da taga, sun fi rabin awa kafin su kai gare ta. Suna zazzage kayan bayin Allah, tocila, tsohuwar rediyo, takalmin roba, atamfar da wani ya saya wa matarsa, ni kuwa ina tsaye ina fassara, har da 'yar dariya in an fito da abin ban dariya. A cikin rabin awar nan zan iya jan jami'in gefe. Zan iya raɗa wa Liman. Ina ta lissafin ko za su gaji su bar sauran.

Ba su gaji ba. Wani ya sa wuƙa ya farke ɗinkina, ya zazzage rigunan, zanen ya faɗo da nauyi.

Aka warware shi, sai ga bindiga. Shugaban unguwa, wanda na sha rantse wa, ya juyo ya kalle ni, ya girgiza kai, ya fita. Kafin minti ɗaya na ji titi ya ɗauki hayaniya.

Jami'in ya ce, "Ask am. Who get this bag?"

Na juya wurin Liman. Na ce, "Malam, wai jakar ta wace ce... ta waye?"

Ya daɗe yana kallon bindigar. Sannan ya ɗago ya kalle ni, ba da fushi ba, kallon mai jira. Ya ba ni lokaci. Na san ya ba ni, don na ga yana motsa leɓe kamar mai ƙirga tasbihi. Da ban ce komai ba, sai ya ce:

"Ka gaya musu na san mai ita. Ka gaya musu amana aka ba ni, ba zan faɗi suna ba. Mai ita yana da baki."

Ni na fassara wannan. Kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Jami'in ya ce in fahimtar da shi cewa in bai faɗa ba, shi doka za ta riƙe, kuma laifin ba ƙarami ba ne, shekaru ake yi. Na fassara wannan ma. Liman ya ce a miƙo masa sandarsa da tabaransa.

Kwana shida ya yi a tsare.

Abin da na yi a kwanakin nan ya fi na ranar farko muni. Ni na shugabanci masu neman lauya. Ni na yi ta kai da kawo, ni na kai abinci da magungunansa na ciwon suga. Ina gaya wa kaina in lauya ya fitar da shi, shi ke nan, babu wanda ya cutu, ni ma na tsira. Lauya ya ce mini a fili, muddin mai jaka bai fito ba, tsohon zai gurfana a kotu, kuma ba lallai a ba da belinsa ba. Na ce a ƙara ƙoƙari.

A unguwa kuwa kowa ya zama abin zargi. Aka kwashi 'yan dako da dama aka yi musu tambayoyi. Masu gidajen haya biyu suka ba mutanenmu wa'adin tashi. Mafi yawan idanu suka koma kan mai canji, tunda kowa ya ji shi yana neman bindiga da bakinsa. Mutane suka daina zama bencin da yake. Ranar ta huɗu ya same ni a ƙofar masallaci, idonsa ja, ya riƙe hannuna.

"Alhaji, wallahi ba tawa ba ce. Surutu kawai nake yi. Amma ka faɗa mana, ka faɗa mana tun farko, ba mu ji ba. Ka yafe mini maganar da na yi a kan 'yarka."

Na ce masa ba komai. Na bar shi yana neman gafarata.

Liman kuma, duk zuwan da na yi, bai taɓa ɗaga maganar ba. Yana zaune a kan siminti, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Sai ya tambaye ni wa yake jan salla, ko an gyara famfon alwala, ko mota ta iso daga Arewa lafiya. In zan tafi ya ce Allah ya yi albarka.

Ranar ta shida da safe maiɗakina ta zuba abincinsa a kula, ta rufe, amma ba ta miƙo mini ba.

"Matar ladan ta ce a zane aka naɗe bindigar. Shuɗi mai ganye. Na duba akwatina."

Ta ci gaba.

"Cewa na yi ka fitar da ita daga gidana. Ban ce ka kai ta gidan Allah ka jingina wa tsoho ba. Shi ya raɗa wa 'ya'yanka huɗu suna, Alhaji." Ta ɗauki mayafinta. "Yau ni zan kai abincin. In na je, zanena zan ce a ba ni. Ko ka riga ni, ko in riga ka."

Da zan so in rubuta cewa zuciyata ce ta kai ni. Ba ita ba ce. Na ga asiri zai tonu ko na je ko ban je ba, na auna, na ga gara in shiga da ƙafata. Har a wannan ma ciniki na yi.

Na kira lauya muka tafi tare. Da yamma aka saki Liman, ni aka rufe ni. Bincike ya nuna ba a taɓa harba bindigar ba, ba ta da alaƙa da fashin. Sauran abin da ya biyo baya, tsarewa da shari'a da hukunci, nawa ne, na ɗauka, ba na kuka da kowa a kansa. Ɗakin ajiya dai ba a sake buɗe shi ba. Kwamitin masallaci ya hana, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu 'yan ci-rani in za su tafi gida sai su sayar da kayansu a wulaƙance ko su bar wa wanda ba su yarda da shi ba.

Da na fito, sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa wurinsa. Ya daina jan salla, ƙafar ba ta koma daidai ba, na'ibi ne yake shiga gaba. Na same shi da hantsi a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafa a kan matashi. Na durƙusa, na ce Malam na zo neman gafara.

"Tashi ka zauna, Alhaji, ƙasa da sanyi. Na yafe tun a mota, kafin mu kai can. In ban yafe ba da me zan yi salla a wurin?"

Na ce me ya sa bai faɗi sunana ba, ai da ya huta.

"In na faɗi naka, gobe wa zai yarda ban faɗi nasa ba? Kuma ina sa ran za ka zo. Kullum ka shigo da kula sai in ce yau ne." Ya gyara tabaransa. "Abu ɗaya nake so in tambaye ka, ba don in ƙure ka ba, don dai na yi ta tunaninsa a can. Da Hajiya ba ta gane zanenta ba, ran nawa za ka zo?"

Na buɗe baki in ce ko ba ita da na zo. Na kalli ƙafarsa, na rufe. Ya jira kamar yadda ya jira a ɗakin ajiya, sannan ya gyaɗa kai.

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya ce, "To. Wannan dai ka faɗi gaskiya."